Taku Bakwai da Ban Auna Ba

Makon jiya aka sare madacin bakin layinmu, wanda tun ina yaro na tarar da shi a tsaye a Abakpa. Wai za a faɗaɗa kwalbati. Ina zaune a zaure ina shan koko na ji injin yankan itace ya ɗauki kuka, sai na ajiye ludayin. Ban fita ba. Na zauna ina sauraro har kukan injin ya sauya ya koma ƙasa-ƙasa, alamar ya ci tsakiya, sannan ƙarar nan da itace ke yi kafin ya tafi, kamar an tura tsohuwar ƙofa. Yara suka sa ihu da tafi. Ni kuwa kunnena ba a kan faɗuwar yake ba, jira nake in ji abin da zai biyo bayanta. Shekara talatin da wani abu ke nan duk itacen da aka kayar kusa da ni sai na yi wannan jiran, kuma na ga gara in faɗi dalili tun bakina yana iya faɗa.

Yaran yanzu ba za su yarda ba in aka ce musu a da mutum yana iya tasowa daga Abakpa har Kawo da ƙafa, rana ba ta sami ƙeyarsa ba sai jefi-jefi. Madatai ne a jere, da mangwaro, da dalbejiya, ga malaina a bayan gidajen ma'aikata. Da asuba kukan tsuntsaye ke riga begilar soja, da yamma kuma jemagu su tashi daga kan mangwarori su rufe sama, mata na kwashe shanya suna tsine musu. Iska ma tana da murya a lokacin. In ta bi ta cikin madaci daban, in ta bi ta cikin itacen turare daban, shi wannan kamar ana zuba gero a ƙwarya. Yau in iska ta taso ba abin da take kaɗawa sai kwano da leda. Ba ina cewa mutanen da sun fi na yanzu son itace ba ne. Kananzir ne yake samuwa a lokacin. Da ya fara wuya, layin galan ya fara kaiwa wata unguwa, sai kowa ya tuna cewa inuwar ƙofar gidansa tana iya dafa tuwo.

Ni malamin daji ne, ko kuwa haka ake kirana. Ina gama makaranta aka ɗauke ni a sashen binciken itatuwa, ina saurayi, da farar riga mai aljihu biyu da biro uku a jere, ko da yake ɗaya ce kawai ke rubutu. Kullum da sassafe motar ofis takan kwashe mu a tashar Kawo, mu bar 'yan kamasho suna ta rantsuwa saura mutum ɗaya, mu nufi gandun gwaji da ke wajen gari. Can an shuka itacen turare layi-layi, an raba shi fili-fili, kowane itace da lambarsa, kuma kowanne an zagaye shi da jan fenti daidai ƙirjin mutum. A kan wannan jan layin ake auna kauri, ba sama ba ƙasa, shekara bayan shekara. Tef ɗinmu na musamman ne, in ka zagaya shi a jikin itace sai ya ba ka faɗin tsakiyarsa ba sai ka yi lissafi ba. Wannan aikin ba wuya. Ka rungumi itace, ka karanta, ka rubuta, ka wuce.

Tsawo ne azaba. Sai ka ja tef ka yi nisa da itacen, ka ɗauki wani ɗan ma'auni mai gilashi ka kafa a ido, ka nemi ƙolin itacen a cikin na 'yan'uwansa, rana na zuba maka a fuska, wuyanka kamar zai tsinke, kiyashi na hawa ƙafa. Iska ta kaɗa, ƙolin ya ɓace, ka sake daga farko. Abin da ya sa ake binciken ma ke nan. Shugabanmu, wani Dakta mai yawan shiru, yana so a tara awon kauri da na tsawo na itatuwa da yawa, a fitar da jadawali, ta yadda gobe mutum zai auna kauri kawai, ya duba takarda, ya san tsawon itace da yawan katakon da ke cikinsa. Aiki ne mai kyau, kuma har yau ban ga laifinsa ba. Laifin yana wurin wanda aka ba tef da littafi.

Abokin aikina a fili shi ne Baba Tanko. A takardar ofis lebura ne, mai riƙe bakin tef da sare ciyawa. Bai iya karanta lambar da ke jikin itace ba, amma ya san kowanne kamar yadda makiyayi ya san dabbobinsa, don da hannunsa aka dasa su. Yana da wata 'yar sanda da ba ya rabuwa da ita. In yana son sanin tsawon itace, sai ya miƙe hannu da ita, ya rufe ido ɗaya, ya dinga ja da baya har sandar ta rufe itacen daga gindi zuwa ƙoli, sannan ya taka zuwa gindin yana ƙirga. Sau da yawa nakan gwada shi da ma'aunina don in kunyata shi, ni nake shan kunyar. Shi kuma ba ya raga mini. “Akawu,” haka yake kirana, “wannan madubi naka, ka ba ni aro in duba ko furfurata ta ƙaru.”

Wata rana da zafi ya kai zafi, na gaji, na duba littafina na ga ai abin a fili yake. Itace mai kauri kaza, tsawonsa kusan kullum kaza ne. To me ya sa zan karya wuyana? Sai na fara: in auna kauri, in rubuta tsawo daga kaina. Na farko gabana ya faɗi. Na goma ko gezau. Kafin damina ta wuce, a cikin itace biyar da ƙyar nake ɗaga kai in dubi ɗaya. Waɗansu siraran itatuwa da ke gefen kwari, waɗanda tsawonsu ya fi ƙarfin kaurinsu, su ne ma suka fi ba ni haushi don suna ɓata mini tsari, sai na gyara su da biro suka shiga layi.

Baba Tanko ya lura, don ya daina jin ina ce masa ya riƙe tef in ja baya. Muna cin rogo da ƙuli a gindin wani itace ya ce, “Akawu, na ga kwana biyu wuyanka ya huta.” Na ce masa, “Baba, aiki ne ya zama jiki. Yanzu ina ganin kauri na san tsawo.” Ya tauna rogonsa ya haɗiye, bai yi sauri ba. Ya ce, “Itacen da ya tashi shi kaɗai a fili ƙiba yake yi, ba abin da ke korarsa sama. Wanda ya tashi a matse cikin 'yan'uwansa kuwa rana yake nema, sai ya miƙe ya rame. In ba ka san da wa ya tashi ba, kada ka ce ka san tsawonsa. Ɗaga kai ka duba, yaro, ba a biyan kuɗin kallo.” Na yi dariya na ce to, Baba. A raina kuwa cewa na yi tsoho yana kishin boko.

Da aka buga jadawalin, Dakta ya yaba mini a gaban kowa, ya ce awona ya fi na kowa tsari. Ai dole ya yi tsari, tunda daga kai ɗaya ya fito. A ƙasan takardar ya sa an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa wannan lissafi na wannan gandu ne kawai, da irin ƙasarsa da tazarar shukarsa. Na karanta wannan layin, ba zan yi ƙarya ba. Na naɗe kwafi ɗaya na sa a aljihun riga, bayan birona uku, ina yawo da shi har gidan suna.

Gwaggona tana aure a Rafin Guza, nakan je gaishe ta ranar Asabar. Unguwar a lokacin tana cikin cika, yau ka ga fili, wata mai zuwa ka tarar da ɗaki da shago, maƙeri a nan, mai gyaran rediyo a can, mata na suyar awara a bakin kwata. A kusa da gidan Gwaggo akwai rumfar kwano ta wani tela, Malam Hamisu. Mutum ne siriri mai fara'a, kullum da allura a leɓe, ƙafarsa ba ta sauka daga kan keken ɗinki. Tun daga kwanar layin ake jin kekensa, kuma Gwaggo takan ce da shi take sanin lokaci, in ya yi shiru to an kira salla. Shi ya ɗinka mini rigar da na fara zuwa aiki da ita. In ya hango ni sai ya cire allurar ya ce, “A'a, malamin daji, sarkin itatuwa! Yau wa aka auna?” Yana da 'ya'ya shida, duk a kan wannan keken suke ci.

Ana saura kwana kaɗan Salla ƙarama na je, na tarar da taro. Wani Alhaji ya sayi filin da ke gangaren rafi zai yi gini, kuma a cikin filin akwai itacen turare guda ɗaya, dogo, siriri, sambal. An kawo mai inji. Matsalar ita ce gidaje sun kewaye wurin, hanya ɗaya ce za a iya kayar da shi, wani dogon lungu, kuma a ƙarshen lungun rumfar Malam Hamisu take. Ana ta gardama, wasu na cewa zai kai, wasu na cewa ba zai kai ba. Mai injin ma ya ce shi dai a fitar da tela a huta. Sai wani ya hango ni ya ce, “Ku bar musu, ga malamin daji nan, aikinsa ne.”

Wallahi har yau ina jin daɗin da na ji a wannan lokacin, kuma shi ya fi komai ci mini rai. Aka buɗe mini hanya. Na aro tef ɗin Malam Hamisu na ɗinki, na rungumi itacen daidai ƙirjina, na yi ɗan lissafi a tafin hannu. Na sami wani kututture a gefe na zauna, na zaro takardata na warware a hankali don kowa ya gani. Na bi layi da yatsa. Na mayar da awon zuwa taku, ya ba ni ashirin da biyar. Na tashi na taka daga gindin itacen zuwa rumfa, taku talatin.

Malam Hamisu ya leƙo, kayan Sallar mutane jibge a bayansa. Ya ce, “Malamin daji, in kwashe kekena in tashi? Aiki ya yi mini yawa, amma in ka ce in tashi sai in tashi.”

Na ce, “Malam, yi zamanka. Ba zai iso ka ba, taku biyar zai rage. Ganye ma ba zai taɓa kwanonka ba.”

Ya ce, “Alhamdu lillahi. Ilimi ya yi rana.” Ya mayar da allura leɓe, keken ya ci gaba.

Mai inji ya dube ni, ya dubi sama, ya ɗaga kafaɗa, ya ja igiya. Abin da nake tunawa shi ne sauti biyu suna tafiya tare, injin a nan, keken a can. Sai itacen ya yi ƙarar nan ta ƙofa, ya fara tafiya. A lokacin ne, a karo na farko a wannan yini, na ɗaga kai. Ina ganin ƙolinsa yana yanko sama na san na yi kuskure, tun bai kai rabi ba. Na buɗe baki, ban san ko murya ta fita ba. Ya sauka, ƙasa ta girgiza, kwano ya yi ƙara, sannan komai ya yi tsit. Injin ya mutu. Keken ma ya yi shiru, ba kuwa lokacin salla ba ne.

Bai mutu ba. Reshen sama ne ya daki rumfar, azara da kwano suka rufto masa a kafaɗar dama. Muka ciro shi yana salati, aka sa shi a mota. Ya yi watanni yana jinya, daga asibiti zuwa mai ɗori, ƙashi ya haɗu amma hannun ya shanye, ya rataye kamar hannun rigar da ba kowa a ciki. Kayan Sallar mutane aka rarraba wa wasu teloli. Daga baya aka sayar da keken. Babban ɗansa ya bar makaranta ya shiga garejin wani bakanike. Malam Hamisu ya koma kasa zare da maɓalli da allura a kan tire, a daidai inda rumfar take.

Washegarin ranar da itacen ya faɗi na ɗauko Baba Tanko a bayan keke na kai shi wurin, don ina son wani ya ce mini iska ce. Itacen na kwance ba a taɓa shi ba. Baba ya taka daga gindi zuwa ƙoli yana ƙirga a fili. Talatin da biyu. Ya dawo ya tsaya yana duba ƙasa, ya dinga nuna mini da sandarsa, ɗaya, biyu, uku, har wajen tara. Kututtura ne, sun kewaye gindin, wasu ciyawa ta rufe su. Ashe kurmi ne a wurin kafin gidaje su zo, an sare sauran ɗaya bayan ɗaya an yi girki da su, shi kaɗai ya rage. A matse ya tashi, ga ruwan rafi a ƙarƙashinsa. Baba ya ce, “Waɗannan ba ka gan su ba?” Na ce, “Baba, a kan wancan na zauna na duba takardar.” Ya juya da sandarsa ya kama hanya. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Daga ranar bai ƙara kirana Akawu ba, sai dai Malam, kamar baƙo.

Unguwa kuwa ta yanke hukuncinta ba tare da ni ba. Wasu suka ce iska ce ta ɗauke shi, wasu suka ce mai inji ne bai iya saran baki ba, aka kuwa daina ba shi aiki a yankin. Mafi yawa suka ce ƙaddara ce, kuma gaskiya ne, ƙaddara ce, amma ta bakina ta bi. Ba wanda ya tuhumi takarda, ba wanda ya tuhumi mai takarda. Na ja bakina na yi shiru. A ofis na koma gandu na sake auna tsawon kowane itace da idona, har wuyana ya sankare, na kai wa Dakta na ce an sami kurakurai. Ya gyara jadawalin, ya sake yaba mini, ya ce ni mutum ne mai kula. Aka yi mini ƙarin girma a kan haka.

Na rage zuwa gidan Gwaggo. In dole ta kama sai in zaga ta bayan layi. Amma in tsautsayi ya haɗa mu, Malam Hamisu sai ya miƙo mini hannun hagu da fara'arsa ta da, ya ce, “Malamin daji, sarkin itatuwa, ka ɓuya.” In sayi zaren da ba ni da abin yi da shi. Har yau akwai wata leda a ƙasan akwatina cike da zare kala-kala, matata ta gaji da tambaya.

Shekaru sun tafi, Baba Tanko ya rasu, Gwaggo ta rasu, sai na ji Malam Hamisu yana kwance. Na je bayan la'asar na same shi a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ya rame, hannun nan a kan cinyarsa. Muka gaisa. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, “Malam, akwai maganar da na riƙe tun ranar nan. Ba iska ba ce, ba mai inji ba ne. Ni ne. Ban auna tsawon itacen ba. Ko kallonsa ban yi ba.”

Ya yi murmushi, ya ce, “Ai na sani.”

Na ce, “Wa ya gaya maka?”

Ya ce, “Ina kallonka ta ƙarƙashin rumfa. Ka rungume shi, ka zauna, ka duba takarda, ka tako wurina. Ba ka ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Ni kuwa sai abin ya burge ni. Na ce a raina, kai, boko abin mamaki ne, mutum ya san ƙarshen itace bai ko dube shi ba. Har na yi niyya in Allah ya hore, babban yarona irin karatunka zai yi.”

Ba da gatse ya faɗa ba, da na ji a muryarsa. Na nemi gafara ina hawaye kamar yaro. Ya ce ya yafe tun yana gadon asibiti, ya ce in daina wahalar da kaina, sannan ya tambaye ni ko zaren da nake saya yana da kyau. Yaron da yake magana a kai shi ya kawo mana ruwa a kofi, babban mutum da gemu, baƙin mai ya zauna a farcensa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, “Sannu da zuwa, Baba.”

A daminar nan Malam Hamisu ya rasu. Gandun gwajin ma na ji an yanka shi fuloti, jan fentinmu ya tafi murhu. Itatuwan da suka rage a gari ba su da yawa, amma duk wanda na zo wucewa sai na tsaya a gindinsa, in ja baya, in ɗaga kai. Wuyan ya tsufa, ba ya tanƙwaruwa da daɗi, sau da yawa hulata takan faɗi. Yaran layi suna dariya, wani ya ɗauko ya miƙo mini. Nakan ce masa ya riƙe tukuna, ban ga ƙarshensa ba.